Takardar neman aiki: "sai noma" ba amsa ba ce

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari ke sa ido ga aikin rani: porje mai gyaran ƙasa, ko kamfani mai gina hanya, ko ƙungiyar manoma mai neman magatakarda. Da yawa cikin waɗannan wurare sai sun ga takardar mutum kafin su ga fuskarsa. Ita ce ƴan biro ke kira CV. Shafi guda ne, mai faɗin ko wane ne mutum, da abin da ya iya, da inda ya taɓa aiki.

To, a nan mutumin karkara ke cutar kansa. In an tambaye shi mi ya iya, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Ban iya kome ba sai noma." Kunya abin yabo ce gaban surukai, amma cikin takarda hasara ce. Mai ɗaukar ma'aikata yana Maraɗi ko Tawa da tarin takardu gabansa. Bai san gidansu mutum ba, bai taɓa ganin gonarsa ba. Abin da aka rubuta kaɗai ya sani.

"Sai noma" kuwa ta ƙunshi sana'o'i da dama. Wanda ya yi noman albasa a Galmi ya san renon iri da dashe da adana. Wanda ya yi aiki cikin fadamar Jiratawa ko ta Ƙwanni ya san rabon ruwa, wataƙila har da gyaran injin ban ruwa. Akwai mai gina tassa da rabin wata bisa fako, akwai mai sassaben zamani. Makiyayin da ya san ciwon dabba tun daga tafiyarta, ya kuma taɓa kama wa masu allurar rigakafi, shi ma da abin rubutawa. Haka macen da ta riƙe akwatin asusun mata shekara da shekaru, dala ba ta ɓata ba.

Sai dai a rubuta da lissafi. "Ni mai ƙoƙari ne" magana ce da kowa ke yi, ba mai duba ta. Ga wadda ake dubawa: "Daga 2020 zuwa 2023, mai awo da rubutu a bankin cimaka na garinmu." Ko kuwa: "Rani biyu, shugaban mutum 15 wajen gina rabin wata." Aiki, da wuri, da shekara, da yawa. Kuma abin da ya dace da aikin da ake nema shi ake sawa gaba. Mai neman gadi bai kamata ya fara da albasa ba.

Sama ga takarda, a sa cikakken suna yadda yake ga katin ɗan ƙasa, da shekarar haifuwa, da gari, da lambar waya wadda ke kamawa. Daga baya karatu: lakkol ko da aji 4 ne, makarantar allo, da karatun yaƙi da jahilci. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, don ƙungiyoyi na neman mai iya rubuta lissafi da hausa. A faɗi harsunan da ake ji: fillanci, zabarmanci, buzanci. A ƙarshe, sunan mutum biyu masu iya ba da shaida, bayan an nemi yardarsu.

Ƙarya kam ban da ita. Wanda ya rubuta ya iya tuƙi, ranar gwaji makulli za a miƙa masa.

Tun watan Maris na 2025 hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma faransanci na cikin harsunan aiki, kuma da shi yawancin biro ke karɓar takarda. Saboda haka mai neman aiki ya fara rubuta tasa da hausa, da hannunsa. Sannan ya kai wa malamin karatu ko wani ɗan lakkol ya juya. In an gama, a karanta masa layi-layi, don mai juyawa kan ƙara gishiri, mai takarda kuwa shi za a tambaya.

Sau da yawa akan nemi a haɗa da takardar haifuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta shari'a mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda galibi ake son kada ta wuce wata 3. Ma'aikatar ANPE, mai kula da samar da aiki, tana rubuta sunayen masu nema, tana ba su kati. Takardu na ainihi kuwa su zauna gida cikin leda, nesa da gara da ruwa. Kwafi ake kaiwa, wanda aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari.