Jami'ar da Ta Rufe Filin Ƙwallonta

A watan Disamba na 1939, hukumar gudanarwar Jami'ar Chicago ta ƙasar Amurka ta rushe ƙungiyar ƙwallonta. Wasan da ake magana a kansa shi ne ƙwallon Amurkawa, wanda ake rungumar ƙwallo a ƙirji, ana bangaje juna da hular kwano a ka. Ƙungiyar kuwa tana cikin waɗanda suka raini wasan tun yana jariri.

An buɗe jami'ar a 1892 da dukiyar attajirin man fetur John D. Rockefeller. Shugabanta na farko, William Rainey Harper, ya san sabuwar makaranta ba ta da tarihin da za ta yi tinƙaho da shi a gaban Harvard da Yale, kuma ya lura cewa filin wasa ya fi ɗakin karatu saurin kai suna kunnen jama'a. Sai ya ɗauko Amos Alonzo Stagg, tsohon ɗalibinsa a Yale, ya ba shi matsayin malamin jami'a tare da ragamar wasanni. Stagg ya riƙe ƙungiyar daga 1892 zuwa 1932. A zamaninsa Chicago ta shiga cikin jami'o'in da suka kafa gasar da ake kira Big Ten a yau, a 1896, ta kuma ɗauki kambunta sau bakwai. A 1905 ta doke Michigan da ci 2 da nema, bayan Michigan ta yi wasa 56 a jere ba a ga bayanta ba.

Daga 1924 kambu bai sake dawowa ba. Jami'o'in jihohi sun bunƙasa, ɗalibansu sun ninka na Chicago, wasu kuma sun ƙware wajen zawarcin ƙarfafan samari da sassauta musu karatu. Ko Jay Berwanger, wanda a 1935 ya zama na farko da ya karɓi kyautar da daga baya aka sa wa suna Heisman, bai iya tsayar da zaizayar ba. A kakar 1939 Michigan ta rama tsohon bashi da ci 85 da nema.

Robert Maynard Hutchins, wanda ya hau shugabancin jami'ar a 1929 yana da shekara 30, ya ga hanya biyu kawai: ko a sayi 'yan wasa a lulluɓe su da rigar ɗalibta, ko a fice. Ya zaɓi ficewa, kuma ya gano ciwon daidai. Da zarar kuɗin ƙofa ya zama abin dogaro, mai horarwa ya daina duban majalisar malamai, ya koma duban 'yan kallo da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, shi kuwa yaron da ke fili karatunsa ya zama abin da ake lallaɓawa don kada a hana shi wasa. Abin da ya biyo baya bai ƙaryata shi ba. A jihohin Amurka da dama, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi mai horar da ƙungiyar jami'a ne. Tun 2021 'yan wasa ke da damar sayar da sunansu ga masu talla, kuma daga 2025 manyan jami'o'i na iya raba musu kimanin dala miliyan 20 a shekara kai tsaye. Biyan nan adalci ne ga masu zufa, amma ya tabbatar da cewa abin ya daɗe da zama sana'a.

Inda Hutchins ya yi tuntuɓe shi ne da ya haɗa wasan da kasuwarsa ya zubar tare. 'Yan kasuwar ba su yi asarar komai ba, sun koma wasu filaye. Ɗalibin da ke son ya buga ƙwallo da yamma bayan darasin lissafi, ya sa rigar makarantarsa ya kara da maƙwabta, shi aka hana har shekara 30. Kuma bai kamata a mai da matakin Chicago ma'aunin kowa ba: Michigan ta riƙe ƙwallonta, ta kuma ci gaba da zama babbar cibiyar bincike.

Masu yabon Hutchins suna son kawo labarin 2 ga Disamba, 1942, ranar da Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a ƙarƙashin kujerun filin da aka yi watsi da shi. Labari ne mai daɗin ji, sai dai ba hujja ba ne. Masanan wuri suke nema, suka tarar da shi babu kowa.

Gyaran ya zo a 1969, lokacin da ƙungiyar ta dawo bayan ɗalibai sun yi shekaru suna buga wasan a matsayin kulob. Yau tana rukuni na uku na hukumar NCAA, inda aka hana ba ɗalibi tallafin karatu don wasa. Wanda ya shiga fili da takardunsa ya shigo makaranta, kuma jarrabawar da ke jiran kowa tana jiransa. An rushe tsohon filin, ɗakin karatu na Regenstein ya hau gurbinsa a 1970, sunan Stagg kuma ya koma kan wani ƙaramin fili a gefen harabar.