RA'AYINMU: Direban tsere yana da mai jin sa, direban albasa fa?

Dattawan jihar Tawa ba su manta da tseren motocin nan na Paris-Dakar ba, wanda aka fara a ƙarshen 1978. A 1989 motocin sun taso daga Agadas suka yada zango a Tawa kafin su wuce Yamai, jama'a na tsaye bakin hanya suna shan ƙura. A 2000 kuma tseren ya tsaya cik a Yamai saboda barazanar tsaro, aka kwashe motoci da direbobi a jirgin sama zuwa Libiya. Tun 2009 ya bar Afirka, kuma daga 2020 a Saudiya ake yin sa. Abin da muka gani a lokacin gudu ne kawai. Abin da ba mu ji ba shi ne maganar da ke kai da komowa ta rediyo tsakanin masu shirya tseren, da jiragen da ke shawagi bisa kansu, da motocin ɗaukar marasa lafiya.

A Amurka, a tseren motoci na NASCAR, irin wannan magana ba a ɓoye take ba. Ɗan kallo yakan shiga fili da wata ƴar rediyo da suke kira sikana, wadda ke laluben tashoshi da kanta, ko kuma ya yi hayarta a bakin ƙofa, ya toshe kunnuwansa da abin saurare. Kowace mota tana da tasharta. Da ya murɗa, sai ya ji direba yana kukan taya ta lalace, ya ji shugaban makanikai yana cewa a ƙara zagaye biyu kafin a sha mai. Akwai ma wani mutum da aikinsa ke nan, ya hau can saman rumfar ƴan kallo yana faɗa wa direbansa cewa ga mota ta hagunka, ga hatsari a gabanka, rage gudu. Mai gudun da yakan wuce kilomita 300 a awa ba ya da sukunin waiwaye, dole wani ya zama idonsa.

Wani zai ce wannan ai shagalin masu kuɗi ne, ina ruwan mai tallar yakuwa da shi. To a dakata. A watan Satumba na 2013, a filin Richmond, wani rukunin motoci mai suna Michael Waltrip Racing ya shirya maguɗi don ɗaya daga cikin direbobinsa ya samu shiga zagayen ƙarshe na gasa. Ta rediyo aka umarci wani direban nasu ya kauce ya shiga wurin gyara alhali motarsa lafiya lau take. Da yake dubban kunnuwa na kan layin, kuma an naɗi maganar, asiri bai kwana ba. Hukumar tseren ta ci su tarar dalar Amurka dubu 300, ta kuma cire direban da aka yi wa hanyar. Da a ce maganar tsakanin mutum biyu ta tsaya, da an shanye ta.

Mu dawo gida. Ɗan kasuwa ya loda buhunan albasa a Madawa ko a fadamun Tarka, zuwa Yamai ko Kwatano ko Abijan. Hajiya ta ba da wakenta ko tumatirinta daga Kaita ko Buza ranar kasuwa. Daga lokacin da mota ta bar tasha, mai kaya ya zama kurma. Abin da direba da ɗan kamasho suka ƙulla, bai ji ba. Nawa aka biya a shinge, sai yadda aka faɗa masa. In mota ta mutu a cikin duwatsun Adar, ko korama ta cika ta datse hanya da damina, sau da yawa labari ba ya zuwa sai kaya sun fara wari. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba, in ta jima a rufe cikin zafi, rabin buhu sai juji. Sannan a zo ana rantse-rantse a gaban shugaban tasha, mai kaya na cewa an cuce shi, direba na cewa ƙaddara ce, babu mai shaida.

Ba mu ce duk direbobi macuta ba ne. Galibinsu ma su ne suka fi cutuwa da wannan shirun, domin su ne ke kwana a daji da karen mota suna gadin dukiyar wani, kuma a kansu zargi ke faɗawa in an yi asara.

Mun riga mun ga amfanin labari a kasuwancinmu. Wata mai bincike ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashin gero tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wayar ba ta noma ko tiya ɗaya ba, ta dai sa mai saye da mai sayarwa sun daina tafiya a makance. An samu wannan a farashi, saura a hanya.

Shawararmu ga sandikar masu sufuri da ƙungiyoyin ƴan albasa na Madawa da Buza da Kaita ita ce su buɗe layi ɗaya na kowa da kowa. Ba sai an sayo wata na'ura daga waje ba. Zauren WhatsApp na saƙon murya ya isa, tunda iyayenmu mata da yawa ba su karatun boko amma kunnensu garau yake. Duk motar da ta tashi, a faɗi lambarta da lokacin tashinta da kuɗin dakon buhu. Direba ya yi magana in ya wuce manyan garuruwa, ya yi magana in ya samu matsala, kowa na ji. Wanda ya riga wucewa ya gaya wa na baya halin da korama take ciki, kamar dai mutumin can na saman rumfa. Gidajen rediyon karkara kuma su ware ƴan mintoci da safiyar ranar kasuwa su karanta labarin hanya, saboda ƙauyukan da waya ba ta kamawa. Abu ɗaya dai kada ya shiga wannan layi: wane ya ɗauko kuɗi nawa, da wace hanya zai bi. Yankin iyaka da Najeriya ta wajen Bangi ya sha fama da ƴan bindiga, kuma ɓarawo ma yana da kunne.

Sai gargaɗi ga samarinmu masu son kayan lataroni. Abin da ya halatta a filin wasa na Amurka, don masu tseren ne da kansu suka buɗe tashoshinsu. A nan, hukumar ARCEP ce ke raba tashoshin sadarwa, kuma mai son aiki da oba-oba a tasha ko a kasuwa ya fara neman izininta. Wanda aka kama da rediyon da ke satar jin maganar jandarma ko soja a wannan zamani na rashin tsaro, cewa kallon tsere ya koya ba za ta fid da shi ba.