Ɗaukar 'Yan Jinga: Alamar Farfaɗowar Arziki Ce Ko Ta Ɗari-Ɗari?

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana tattalin arziki su ma suna da tasu Larabar. Duk lokacin da arzikin ƙasa ya karye, sukan zuba ido a kan ɗaukar 'yan jinga, wato ma'aikatan da akan ɗauka don aiki guda ko na ɗan lokaci, a biya su ladansu, a sallame su. Da zarar kamfanoni sun fara neman irin waɗannan, sai a ce sauƙi yana tafe.

Lalle wannan magana tana da tushe. Ƙasar Amurka ta faɗa cikin karayar arziki daga Disamba 2007 zuwa Yuni 2009, abin da ya jawo asarar ayyuka fiye da miliyan 8. Yawan ma'aikatan wucin gadi ya soma raguwa tun kafin karayar ta bayyana, ya kuma soma ƙaruwa a ƙarshen 2009, alhali jimillar ayyukan ƙasar ba ta daina raguwa ba sai a farkon 2010. Dalili kuwa a fili yake. Mai kamfanin da ya ga ciniki ya ɗan motsa ba shi da tabbacin zai ɗore. Ma'aikacin dindindin yana tafe da albashi da inshorar lafiya da fansho, ɗan jinga kuwa da an gama aiki an rabu.

To, amma a nan ne gizo yake saƙar. Wanda ya ɗauki ɗan jinga bai sakankance da kasuwa ba tukuna, ɗari-ɗari yake yi. A Amurkan ma, sai a 2014 yawan ayyuka ya koma yadda yake kafin karayar. Tsakanin wannan Laraba da Juma'arta shekaru fiye da huɗu ne, iyalai da dama kuwa a cikin ƙunci suka yi su.

Haka kuma bai kamata a ɗauko wannan ma'auni a ɗora wa kowace ƙasa ba. A Nijeriya mafi yawan masu neman abinci ba su taɓa riƙe takardar ɗauka aiki ba. Idan ɗalibin da ya kammala digiri ya koma yin fassara a dandalin Upwork ko Fiverr, yau a samu gobe a rasa, mai yiwuwa ne kasuwa ce ta buɗe, mai yiwuwa ne kuma rashin abin yi ne ya kora shi can.

Saboda haka ya kamata hukumomi da masana su riƙa bin sawu: cikin waɗanda aka ɗauka jinga, nawa ne aka tabbatar da su a bakin aiki bayan shekara guda? Kafin a sami wannan amsa, kada a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.