Takardar PDF da tsohuwar kwamfuta: Ƙofar da masu kutse ke nema a shagunan Gumel da Maigatari

Ɗalibin da ke neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da dillalin da ya sayar da shanu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, da mai neman aiki daga Gagarawa ko Sule Tankarkar, hanyarsu ɗaya ce. Takarda za ta shigo ta WhatsApp, ko silif ɗin JAMB, ko na NIN, ko rasit ɗin banki, sai a tura wa mai shagon kwamfuta ya buga. Ba kasafai ake tunanin cewa buɗe takardar kaɗai zai iya jawo ɓarna ba.

Fayil ɗin PDF ko na Word ba ya buɗe kansa. Manhaja ce ke karanta shi, ta warware rubutu da hotuna da sauran abubuwan da aka cusa a ciki. Idan akwai kuskure a yadda aka rubuta manhajar, mai kutse zai iya ƙera takarda da gangan don ta rikita ta, har ta riƙa bin umarninsa.

An ga haka a aikace. A watan Satumban 2021, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bayyana yadda aka sanya manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayar iPhone ta hanyar fayil ɗin PDF da aka yi wa kamannin hoton GIF, ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. A watan Agustan 2024 kuma kamfanin ESET ya ce wata ƙungiyar leƙen asiri ta yi amfani da wata ɓaraka a WPS Office na Windows.

Sai dai irin wannan makami mai tsada ba don mai shagon POS a Maigatari ake ƙera shi ba. Abin da ya fi shafar yankin tsohuwar ɓaraka ce da aka daɗe da toshewa. A watan Nuwamban 2017, Microsoft ya gyara wani kuskure a sashen rubuta lissafi na Office, wanda ya shafe kusan shekara 17 a ciki. Shekaru bayan gyaran, masu damfara sun ci gaba da aika takardun Word da Excel masu wannan tarko, saboda sun san akwai ɗimbin kwamfutocin da ba a taɓa sabunta su ba.

A nan ne shagunan buga takardu ke cikin tsaka mai wuya. Microsoft ya daina bai wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinsa ya ƙare a Oktoban 2025. Mai shagon da ke sayen data da man janareta daga ribar buga takarda, ba abin mamaki ba ne ya kashe sabuntawa don ya yi tattali. Amma a kwamfutarsa ce hotunan fasfo da lambobin NIN da bayanan asusun mutanen unguwa ke taruwa, kuma filashin da aka soka mata shi za a soka a ofis ko makaranta gobe.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Buɗe PDF a cikin Chrome ko Edge da aka sabunta ya fi aminci a kan tsohon Adobe Reader. Idan Word ya buɗe takarda da gargaɗi a sama, kada a yi saurin danna izinin gyara ta. Mai shago ya riƙa goge takardun kwastomomi bayan ya buga. A waya kuwa, duk "takardar" da sunanta ya ƙare da .apk manhaja ce, kuma da zarar an girka ta tana iya neman izinin karanta saƙonnin da banki ke turo lambar sirri a cikinsu.