Batun Ajiye Wayar Salula: Abin Da Sakkwato Ta Gani A 2021

Daga Ƙofar Taramniya har zuwa Ƙofar Rini, da wuya mutum ya ratsa wata majalisa bayan sallar Isha'i bai tarar da samari zaune wuri guda, kowa kansa a sunkuye bisa wayarsa ba. Wannan ne ya sa iyaye da malaman makarantu suke yawan kira ga matasa da su ajiye waya, wasu ma su ce a rabu da ita ɗungum. Kiran yana da hujja, amma ya kamata a auna shi da abin da ya auku a wannan Jiha.

A cikin watan Satumba na 1443 bayan Hijira, watau 2021, Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya ba da sanarwar an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, domin a hana 'yan bindiga samun labari daga masu yi musu leƙen asiri. Zamfara ta riga ta ɗauki wannan mataki tun farkon watan. Jama'ar Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah suka wayi gari sun rabu da waya ba da son ransu ba. Wanda ke son gaida ɗan'uwa ko aika kuɗi sai ya yi doguwar tafiya neman inda layi yake, a kan hanyoyin da su kansu ba su da tabbas. Abin da ya fi muni shi ne, in an kawo hari babu yadda za a kira ɗauki. Bayan harin kasuwar Goronyo cikin watan Oktoba, inda aka kashe fiye da mutum 40, Gwamnan da kansa ya roƙi Gwamnatin Tarayya ta buɗe layukan.

To, wannan ita ce rayuwa babu waya, kuma ba a ji wanda ya yi marmarin a koma mata ba. Ma'aikaci da ita yake sanin albashi ya shiga. Ɗalibi ba ya samun rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar wayarsa. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuwa ya koya wa har mai sayar da nama karɓar kuɗi ta waya.

Shafukan zumunta su ne inda gizo yake saƙa, kuma nan ma an gwada doka. Daga ran 5 ga watan Yuni na 2021 zuwa ran 13 ga Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, amma masu sha'awa suka bi ta ɓarauniyar hanya, saura suka ci gaba da harkarsu a Facebook da WhatsApp. Dalili kuwa a fili yake: kamfanonin nan da talla suke cin abinci, saboda haka an tsara shafukan ne yadda wani hoto zai biyo wani ba iyaka, mai kallo ya daɗe. Ƙasar Ostareliya ta kafa doka a 2024 ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga irin waɗannan shafuka, amma can ma kamfanonin aka ɗora wa nauyin, ba iyaye ba.

Saboda haka abin da zai yiwu ga ma'aikaci ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne ya raba wayar da shafukan. Ƙaramar waya mai maɓalli tana kira, tana karɓar saƙon banki, ana ma iya tura kuɗi da ita ba tare da intanet ba, cajinta kuma yana kwanaki. Mai babbar waya yana iya goge shafukan a lokacin aiki ko jarrabawa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data a watan Janairu na 2025, aljihu ma ya fara yi wa wasu wannan hukunci.