Katun ɗin manya: dariyar da ta sa fadar shugaban Amurka yin magana

A watan Yulin 2025, kamfanin Paramount ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta dala biliyan 1.5 da Trey Parker da Matt Stone, masu shirin South Park. A cikin makon ne kuma shirin ya dawo da sabon zango. Kashi na farko ya nuna Shugaba Donald Trump kwance gado ɗaya da Shaiɗan, sannan ya caccaki shi kansa Paramount ɗin saboda dala miliyan 16 da ya amince ya biya don sasanta ƙarar da Trump ya shigar. Fadar White House ta mayar da martani cewa shirin ya daɗe da daina tasiri. To amma abin da ba shi da tasiri ai fada ba ta ɓata lokacinta a kansa.

Mu a nan, da an ce katun sai a ce abin yara. A Amurka kuwa akwai katun ɗin da aka yi musamman domin manya, ana sa shi da daddare, lokacin da 'yan kallo suka fi yawa. The Flintstones ne ya buɗe hanya a tashar ABC daga 1960 zuwa 1966. Sai The Simpsons na Matt Groening ya fara a tashar Fox ranar 17 ga Disamban 1989, kuma a Afrilun 2025 tashar ta ƙara masa zango huɗu, wanda zai kai shi zango na 40. South Park ya zo a 1997, Family Guy na Seth MacFarlane a 1999.

Kowanne da salon barkwancinsa. The Simpsons labarin gida ne: Homer, uba malalaci mai son ciki da ke aiki a tashar nukiliya, da matarsa Marge mai haƙuri, da 'ya'yansu uku. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai gane wannan aure nan take, sai dai Gizo yana da wayo, Homer ba shi da shi. Ta cikin gidan ne ake zolayar makaranta da coci da 'yan sanda da attajirai, a ƙarshe kuma iyali su shirya. Shi Family Guy bai damu da labari sosai ba. Ana cikin magana sai a yanke, a nuna wani ɗan wasa na daƙiƙa goma da ba ruwansa da zancen, a dawo. Shi ya sa gutsattsarinsa suka cika TikTok da Facebook, don ba sai ka san farkon labarin ba. South Park kuwa sauri ne makaminsa. An san masu shi da haɗa kashi guda cikin kwana shida, har abin da ya faru a wannan makon ya shiga shirin mako mai zuwa.

Me ya sa zane ke faɗin abin da ɗan wasa ba zai iya ba? Na farko, zane ba ya tsufa. Bart yana ɗan shekara goma tun 1989, an yi shugabanni sun wuce yana nan a aji huɗu. Na biyu, idan zane ya yi zagi babu fuskar mutum da za a riƙe, mai kallo kuma ya riga ya saki jiki, yana ganin wasa ne. Ta nan saƙo ke shiga ba sallama.

Wannan ne ya shafe mu, mu da muke tsiraru a inda muke zaune. Dubi Apu, Ba'indiye mai kanti a The Simpsons, wanda Bature, Hank Azaria, ya yi wa murya kusan shekara talatin. A 2017 ɗan barkwanci Hari Kondabolu ya fitar da fim kan yadda aka riƙa tsokanar yaran Indiyawa a Amurka da wannan karin harshe. A 2020 Azaria ya ajiye muryar. Ka ga ke nan, idan mutum ɗaya tak ke wakiltar al'umma a talabijin, dariyar da aka yi masa a kan al'ummar take sauka.

Musulmi ma sun ga iri biyu. A 2008 The Simpsons ya kawo Bashir, yaro Musulmi da iyayensa suka zo daga Jodan. Homer ya zargi uban da ta'addanci, ashe aikinsa rushe tsofaffin gine-gine ne bisa doka. Wanda aka yi wa dariya shi ne mai zargin, har ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka ta yaba. A 2013 kuwa Family Guy ya ba Peter aboki Musulmi mai suna Mahmoud, daga baya ya zama ɗan ta'adda da gaske. Jigo ɗaya, darasi biyu masu karo da juna. South Park ya wuce nan a 2010, inda ya taɓa Manzon Allah (SAW), har tashar Comedy Central da kanta ta toshe sassan shirin. Don haka kafin a yi dariya, a duba wa ake yi wa: mai mulki, ko wanda dama ba shi da bakin ramawa?

Akwai kuma maganar "hasashe" da ke yawo a WhatsApp. Gaskiya ne wani kashi na shekarar 2000 ya ambaci Trump a matsayin tsohon shugaban ƙasa. Sai dai a lokacin ya riga ya gwada neman takara a jam'iyyar Reform, marubuta suka mayar da abin zolaya. Shirin da ya haura kashi 750, dole wani abu ya dace. Da yawa daga hotunan da ake turawa kuma haɗa su aka yi bayan abin ya faru. Gaibu na Allah ne, ba na masu zane ba.

Wasu za su ce a tsaftace shi kawai. An gwada. A 2005 tashar MBC ta mayar da The Simpsons Larabci da sunan Al-Shamshoon, Homer ya koma Umar, giya ta koma lemo, amma shirin bai daɗe ba. Barkwancin a jikin rayuwar Amurka yake, in ka cire ta saura ƙashi.

Abin da ya rage shi ne aikin iyaye da malamai. A Amurka Family Guy yana ɗauke da alamar TV-14, wato bai dace da 'yan ƙasa da shekara 14 ba, South Park kuma TV-MA, na manya zalla. Gutsuren da ya iso wayar yaro ta TikTok ba ya zuwa da wannan alama. Uwa ta leƙa ta ga zane sai ta ce ai katun ne, ta wuce kicin. Gara ta tsaya ta tambayi sunan shirin. Manyan ɗalibai kuwa, hana su kaɗai ba zai wadatar ba, don za su gani a wayar aboki. A koya musu su tambayi wa ya rubuta, wa ake zolaya, wa kuma ya ci riba. Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi zai yi amfani da su a kan labaran siyasa ma.