Ba duk abin da zuciyarka ta faɗa maka ne gaskiya ba

 Rubutun da ɗan tsawo, amma ku daure, don na san akwai masu jiran sakamako da ba sa iya barci.

Bara ina cikin mota daga Gashua zan koma gida Nguru, sai sufabaizana ya turo min hotunan babi na biyu na aikin mastas ɗina ta WhatsApp. Kowane shafi jan biro, a ƙarshe ya ce in sake. Wallahi kafin mu shiga tasha na gama yanke wa kaina hukunci: ni daƙiƙi ne, ba zan taɓa gamawa ba, geron da Baba ya sayar don kuɗin makarantata ya tafi a banza, kuma 'yan ajinmu duk dariya suke min. Sati uku ban buɗe kwamfuta ba. Abinci ba ya shiga. Malam ya kira, in kife wayar.

Wani abokina da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ne ya zaunar da ni. Bai ce min in yi haƙuri ba. Takarda ya ba ni, ya ce in raba ta gida uku: abin da ya faru, abin da na faɗa wa kaina, da yadda na ji. A gida na farko layi ɗaya kawai na samu: malam ya ce in gyara babi. Gida na biyu kuwa sai da ya cika. Ashe ba jan biron ne ya hana ni barci ba, fassarar da na yi masa ce.

Wannan dabara ba shi ya ƙirƙira ba. Albert Ellis ya fara koyar da ita a Amurka wajajen 1955. Ya lura cewa imani irin na "dole" ne ke wahalar da mutane: dole in ci komai karo ɗaya, dole kowa ya yarda da ni, in ba haka ba na kaɗe. A shekarun 1960 likita Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya ga masu ciwon damuwa suna fama da tunanin da ke faɗowa da kansa, mai baƙanta musu kansu da duniya da gobensu. Sai ya koya musu su riƙa tuhumar tunanin, suna neman hujjarsa. A yau wannan hanya na cikin waɗanda aka fi gwadawa wajen maganin damuwa da fargaba.

Haka abokina ya tsare ni. Daƙiƙi ne kai? To wa ya rubuta maka jarrabawar digirin farko? 'Yan aji na dariya, wa ka ji da kunnenka? Da na koma na karanta gyaran a natse, yawancinsa kan yadda na ambaci littattafan da na duba ne. Kuma mutumin da ya bi shafi-shafi ai bai fid da rai da kai ba. Ranar da na je wurinsa, cewa kawai ya yi, "Ina ka shiga?"

Na san wani zai ce wannan na Turawa ne, mu addu'a ta ishe mu. Ɗan uwa, Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya yi bayanin waswasi da tsoro da baƙin ciki a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya ba da shawara mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Ka yi addu'arka, ka kuma binciki tunaninka. A ganina muna cutar da juna idan wanda ya samu kari-oba ya zo yana kuka, muka sallame shi da cewa raunin imani ne.

Amma fa kar a wuce gona da iri. Rashin kuɗin rajista gaskiya ne, takarda ba za ta biya shi ba. Abin da za ta yi shi ne ta raba "ba ni da kuɗi wannan zangon" da "rayuwata ta lalace", don ka samu ƙarfin neman mafita. Idan kuma ƙuncin ya haura sati biyu, ba ci ba barci, ko tunanin kashe kanka na zo maka, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi yau, ku je ga likita. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne.

Ranar da sakamako ya fito ba yadda kake so ba, ka ɗauki biro ka amsa waɗannan: Mene ne ainihin abin da ya faru? Wace hujja ce ke goyon bayan tunanina, wacce ce ke ƙaryata shi? Da ƙanena ne a wannan hali, me zan ce masa?

Ni dai yanzu ina babi na huɗu, kuma jan biron bai daina zuwa ba. Allah Ya ba mu sa'a, Ya yaye wa duk mai damuwa.